Daga Gayya zuwa Mata Masu Dubara: Taimakon Kai da Kai a Karkarar Nijar

Tun kafin zuwan Turawa, manomin Bahaushe ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ciyawa ta ci ƙarfin gona, ko rufin ɗaki ya gagari mutum, sai ya yi gayya: ya kira matasan gari, ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su riƙa zuga manoma har a kai ƙarshen kunya. Ba a biyan lada. Bashi ne na zumunci, gobe wanda aka yi wa shi ma zai ɗauki fartanya. Ɗalibi ya lura cewa "gayya" da "gayyata" tushensu ɗaya, wato aiki ne da ake kiran mutum gare shi, ba a tilasta shi.

Wannan bambanci ya yi nauyi a Nijar, inda talakawa suka sha aikin tilas a hannun Faransawa har zuwa 1946 da aka soke shi. Don haka duk lokacin da hukuma ta ce a fito aikin gayya, tsofaffi kan yi tambaya a zuci: gayyar wa?

Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu 1974, ƙasa na fama da fari, sai ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa da sarkin samari ke jagoranta. Samariyoyi sun gina azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, sun dasa itatuwa, sun noma gonakin haɗin gwiwa. Aiki kam an yi, ba mai musun haka. Sai dai umarni daga sama yake saukowa, ta hannun hakimai da jami'an gwamnati, kuma ƙungiyar ta zama kunnen mulkin soja a ƙauye. Kountché ya rasu a 1987, kuma zuwa lokacin Babban Taron Ƙasa na 1991 samariya ta riga ta yi sanyi tare da mulkin da ya ɗauke ta.

A wannan shekara ta 1991 ne kuma, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da ba a yi masa ganga ba, mai suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne, wanda mata suka daɗe da sani, amma da gyara ɗaya mai muhimmanci. A adashi kowace mace tana kwasar kuɗin ne idan layi ya zo kanta. A nan kuwa kuɗin zama suke yi cikin akwati. Mata kamar ashirin zuwa talatin sukan haɗu mako-mako, kowa ta zuba abin da aka yi ittifaƙi a kai, mai bukata ta ranta ta sayi gyaɗar ƙuli-ƙuli ko ɗan akuyar kiwo, ta mayar da ɗan ƙari. Idan zango ya cika, a buɗe akwati a raba uwa da riba a gaban kowa. Jami'an shirin ba su zuba ko dala ba. Koyarwa kawai suka yi na ɗan lokaci, suka janye. Wadda ta ƙi biya, maƙwabciyarta ta cuta, kuma da ita za ta haɗu a bakin rijiya da safe.

Abin bai tsaya ga kuɗi ba. Wasu ƙungiyoyin sun kafa rumbunan tsimi, suna sayen hatsi da kaka don tsallake wahalar damina. Matan da suka saba riƙe lissafi da yin magana a taro sun tsaya takara a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasunsu suka zama kansiloli. Tsarin da aka gwada a ƙauyukan Maraɗi shi ne daga baya aka kai ƙasashe da dama na Afirka, har da Asiya, da sunan ƙungiyoyin ajiya da lamuni na ƙauye.