Dakatarwa ko Kora: Nazarin Cancantar Ma'aikaci ga Alawus ɗin Rashin Aiki a Dokokin Amurka da Darasinsa ga Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci bambancin da ke tsakanin dakatar da ma'aikaci da korarsa, da yadda bambancin yake shafar haƙƙinsa na karɓar alawus ɗin rashin aiki. An bibiyi dokoki da hukunce-hukuncen kotunan Amurka, sannan aka kwatanta su da na Nijeriya. Binciken ya gano cewa a Amurka ana duba tsayawar albashi da dalilin tsayawarsa, yayin da a Nijeriya wanda aka dakatar ba albashi ya fi korarre shiga ƙunci.

Fitilun kalmomi: dakatarwa, kora, alawus ɗin rashin aiki, laifin ganganci.

1.0 Gabatarwa

A dokar ƙwadago, kora tana yanke alaƙar aiki gaba ɗaya. Dakatarwa kuwa jingine aikin take yi na wani lokaci, yarjejeniyar tana nan daram. Amma a gidan ma'aikacin da albashinsa ya tsaya, cefane da kuɗin haya ba su san wannan bambanci ba. Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya ɗaya: wanda aka ce ya zauna a gida ba a biyansa, ya cancanci tallafin da ake bai wa marasa aiki?

2.0 Tsarin Inshorar Rashin Aiki a Amurka

Jihar Wiskonsin ce ta fara kafa dokar wannan inshora a 1932, kafin Dokar Kyautata Jin Daɗin Jama'a ta 1935 ta shimfiɗa tsarin a faɗin ƙasar. Masu ɗaukar ma'aikata ne suke ɗauke da mafi yawan nauyin. Harajin tarayya kashi 6 cikin ɗari ne na dala 7,000 ta farko a albashin shekara, amma rangwame yakan mayar da shi kashi 0.6, wato dala 42 a kan kowane ma'aikaci. Akwai kuma harajin jiha, wanda yake ƙaruwa gwargwadon yawan tsofaffin ma'aikatan kamfani da suka karɓi alawus. Shi ya sa kamfanoni suke ƙalubalantar masu neman alawus ɗin.

Kowace jiha da dokarta, amma yawancinsu suna biya har tsawon mako 26. Sharuɗɗan su ne mutum ya samu albashin da ya kai ƙa'ida a watannin baya, ya kasance mai iya aiki kuma yana nemansa, sannan rashin aikin kada ya zama shi ya jawo wa kansa.

3.0 Ma'aunin Laifin Ganganci

Kora kaɗai ba ta haramta wa mutum alawus. A shari'ar kamfanin tasi na Boynton da direbansa Neubeck a 1941, Kotun Ƙolin Wiskonsin ta bambanta laifin ganganci da gazawa. Laifin ganganci shi ne yin watsi da muradun wurin aiki da gayya. Rashin ƙwarewa, ko kuskuren da aka yi da zuciya ɗaya, ba su kai matsayinsa ba. Jihohi da dama sun ɗauki wannan ma'auni, kuma wanda ya yi korar ne zai kawo hujja.

Da ma'aunin nan ake auna dakatarwa. Dokar jihar Fensilbaniya ta haɗa kora da dakatarwar wucin gadi a sashe guda, ta hana alawus a kowane makon da rashin aikin ya samo asali daga laifin ganganci. A ɗauki misalin masu dakon kaya biyu a wani ɗakin ajiya, an dakatar da su mako huɗu ba albashi bayan wasu katan sun ɓace. Na farko kyamara ta nuna shi yana fita da kayan. Na biyu kuwa sunansa ne kurum a jadawalin aikin daren. Takardarsu iri ɗaya ce, amma na farko zai rasa alawus, na biyu yana iya samu matuƙar kamfanin bai tabbatar da laifinsa ba. Da a ce ana biyansu cikakken albashi a lokacin binciken, babu wanda za a lissafa cikin marasa aiki.

A Teksas, idan dakatarwa ba albashi ta haura kwana uku har ma'aikaci ya ajiye aikin, hukumar ƙwadagon jihar takan ɗauke shi a matsayin korarre, sai nauyin kawo hujja ya koma kan kamfani. Haka kuma a shari'ar Java ta 1971, Kotun Ƙolin Amurka ta hana jihar Kalifoniya tsayar da alawus ɗin wanda aka riga aka amince masa don kawai kamfani ya ɗaukaka ƙara.

4.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya ba ta da inshorar rashin aiki. Dokar biyan diyya ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ta shafi rauni da cuta da mutuwa ne ta sanadin aiki. Abin da ya yi kusa da tallafi shi ne tanadin Dokar Fansho ta 2014: wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki har wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa. Sai dai kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin sai ya ga takardar sallama. Tun a shari'ar Longe da First Bank a 2010, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dakatarwa ba ta yanke alaƙar aiki. Ke nan wanda aka yi wa dakatarwar sai-baba-ta-gani ba albashi, ba shi da takardar sallama, ba shi da ikon taɓa ajiyarsa. Ya zama ba tsuntsu ba tarko.

5.0 Sakamakon Bincike

Na ɗaya, dokokin Amurka da aka nazarta suna auna dakatarwa ba albashi da kora a sikeli guda. Na biyu, ɗora nauyin hujja a kan mai ɗaukar aiki yana rage amfani da dakatarwa a matsayin korar ɓoye. Na uku, hukuncin da ya kare kujerar ma'aikacin Nijeriya bai kare abincin iyalinsa ba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa adalci yana buƙatar a tambayi abu biyu: albashi ya tsaya? Laifin wa? Don haka ana kira ga Majalisar Tarayya da ta ƙayyade wa'adin dakatarwa ba albashi a Dokar Ƙwadago, ta kuma gyara Dokar Fansho yadda wanda ya cika wata huɗu a dakace zai iya cire kasonsa. Haƙƙi ne a kan ƙungiyoyin ƙwadago su sa wannan batu a gaba, domin bai dace a hukunta iyalin ma'aikaci da yunwa tun ba a tabbatar da laifinsa ba.