Yadda Ɓawon Yazawa Ya Shiga Fentin Maganin Tsatsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fenti ya san warin tina. Aikinta ta tsinka fenti mai kauri har burushi ya iya jansa, sannan ta bi iska. Da irin wannan fenti aka daɗe ana shafe gadoji da bututun mai da jiragen ruwa. Tinar tana shiga huhun ma'aikata, wurin tashinta kuma takan bar 'yan ƙofofi a jikin fentin, inda ruwa ke bi ya cim ma ƙarfe. Nan tsatsa ke samun gindin zama.

Hukuma ce ta fara taka wa abin birki. A 1966 yankin Los Angeles na Amurka ya kafa dokar taƙaita irin waɗannan sinadarai saboda gurɓatar iska, Tarayyar Turai ta yi nata dokokin a 1999 da 2004. Masu haɗa ifoksi, wani irin fentin da ake shafa wa ƙarfe, suka shiga tsaka mai wuya, domin in ba tina, kaurinsa kamar zuma da sanyin hunturu. Dabarar da aka samo ita ce ruwan da zai tsinka fentin amma ba zai tashi ba, sai dai ya haɗe da shi su sandare tare. Na farkon daga ɗanyen man fetur aka samo su, wasunsu kuma suna cin fata.

Sai aka waiwayi yazawa, wadda wasu ke kira kashu. Asalinta Barazil, Turawan Fotugal suka kai ta Indiya da gabashin Afirka a ƙarni na 16. Cikin ɓawon ƙwallonta akwai baƙin mai da ke sale hannun masu fasa ta, abin da aka daɗe ana ɗauka shara. Tun shekarun 1920 Mortimer Harvey ya fara sarrafa shi a Amurka, ya shiga kayan birkin mota. In an dafa man, sai ya koma sinadarin kardanol, mai doguwar jela ta ƙwayoyin kabon 15. Jelar nan ce sirrin: tana rage kaurin fenti, tana korar ruwa, tana sa fentin ya tanƙwara maimakon ya tsage. An gwada man waken soya da na zurma, amma ni a ganina yazawa ta fi dacewa, tunda ɓawonta ba abincin kowa ba ne.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin yazawar da Nijeriya ke nomawa, musamman a Jihar Kogi, ɗanya ake loda ta zuwa Indiya da Biyetnam. Da ɓawon da man, duk can suke tafiya.