Ayar Alƙur'ani a Ƙofar Majami'ar Falermo

Duk wanda ya ziyarci babbar majami'ar Falermo, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, zai tarar da wani ginshiƙi a shirayin kudu, an sassaƙa aya ta 54 ta Suratul A'araf a jikinsa. Asalin wurin majami'ar Rumawa ce. Da Aglabawa suka ci birnin a shekarar 831, sai aka mayar da ita masallacin Juma'a. Ibnu Hauƙal, wanda ya je can a 973, ya ce masallatan birnin sun haura 300. Normawa suka ƙwace garin a 1072, masallacin ya koma majami'a, aka kuma sake gina ta a 1185.

Sababbin sarakunan ba su yar da fasahar waɗanda suka ci da yaƙi ba. Rufin majami'ar fadar Sarki Roja na Biyu, wadda aka keɓe a 1140, katako ne mai ƙirar saƙar zuma irin ta gine-ginen Musulmi, ga rubutun Kufi a kewaye. Masu zagayawa da baƙi kan kafa hujja da wannan cewa an yi zaman lumana.

A ganina hujjar ba ta cika ba. Ibnu Jubair ya sauka birnin a ƙarshen 1184, ya yaba ƙawar majami'ar Martorana, amma ya tarar an hana Musulmi huɗubar Juma'a, wasu barorin fada kuma suna ɓoye Musuluncinsu. Daga shekarun 1220 Sarki Firedrik na Biyu ya kwashe ragowarsu zuwa Lucera, a kudancin Italiya. A 1300 aka tarwatsa wannan al'umma, aka sayar da da yawansu bayi.