Rariyar da Ido Ba Ya Gani

A 1989, a jami'ar Melbourne ta Ostiraliya, Richard Robson ya haɗa ƙwayoyin tagulla da wani sinadari mai hannu huɗu, sai ga kiristal cike da ramuka, kamar gida mai ɗakuna babu kowa ciki. Ginin bai da ƙwari, da yawa suka ɗauka wasan labo ne. Susumu Kitagawa a Japon ya nuna a 1997 cewa iska na iya shiga irin ramukan nan ta fito gini bai rushe ba. A 1999 Omar Yaghi, ɗan masu gudun hijirar Falasɗinu da aka haifa a Amman, ya fito da MOF-5: giram biyu kacal, amma in an shimfiɗa bangayen cikinsa sai su rufe filin ƙwallo. Su ukun ne suka ci kyautar Nobel ta shimi a 2025.

To amma dunƙule yana da matsala. Iska sai ta yi doguwar tafiya cikin ramuka kafin ta ƙetare, rariya mai kauri kuwa ai ba ta sakin gari.

Dabarar ta zo daga wani gefe. A 2004, a Manchester, Geim da Novoselov suka yi ta ɓare baƙin cikin fensir da sikoci har suka samu fallen da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce. Sikoci fa, irin wanda muke liƙa ƴan takardunmu! Masana shimi suka ce mu ma bari mu gwada.

Hanya biyu aka bi. A Japon, 2010, Rie Makiura da abokan aikinta sun gina fallen a kan fuskar ruwa, suna ɗauke shi hawa-hawa kamar yanar madara. A Dalian ta ƙasar Sin kuma, 2014, ƙungiyar Weishen Yang ta niƙa kiristal na zinki a hankali, ta girgiza shi da sauti cikin barasar labo, har ya rabu falle-falle, kowane kusan nanometir 1. Gashin kanka ya fi shi kauri sau fiye da 50,000.

Ni wannan na biyun ya fi burge ni, don an gwada shi kan aiki. Da suka jera fallayen suka zama rariya, haidirojin na wucewa fiye da iskar kabon sau 200 da wani abu. Masana'antu kuwa wuta mai yawa suke ƙonawa wajen raba iska da iska. Sai dai abin da aka yi a labo ɗan guntu ne, kuma tsaga ɗaya tak ta ishi iskar kabon ta sulale. Yin falle mai faɗin tabarma ba tare da huji ba, shi ake ta fama da shi har yau.