Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Tarihin Aksil ɗin Baya a Manyan A-kori-kura na Amurka

Idan aka jera Ford F-150 da Ford F-350 a fili ɗaya, wanda bai san mota ba zai ce yaya ce da ƙanwarta, ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya tsayi. Bakanike kuwa ba zai tsaya kallon fuska ba. Zai zagaya baya ya duƙa a gaban taya. A jikin F-150 tsakiyar ƙafar a shafe take. A jikin F-350 akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya leƙo ta tsakiyar ƙafar, da notuna kewaye da bakinsa. Wannan dunƙule shi ne shaidar cewa motocin biyu sun sha bamban a wurin da ya fi muhimmanci ga mai ɗaukar kaya, wato aksil ɗin baya. Bayansa kuma akwai tarihin fiye da shekara ɗari na neman amsar tambaya guda: wane ƙarfe ne zai ɗauki nauyi, wane ne zai juya taya?

Aiki biyu a wuri ɗaya

Aksil ɗin baya yana da aiki biyu masu saɓanin hali. Na farko shi ne ɗaukar nauyin mota da kayanta, wanda ke neman lanƙwasa ƙarfe. Na biyu shi ne kai ƙarfin inji zuwa taya, wanda ke neman murɗe ƙarfe kamar yadda ake matse wanki. A tsakiyarsa akwai tulun da ke ɗauke da giyoyi: ƙaramar giya da farfela ke juyawa, da babbar giya mai siffar zobe, da kuma na'urar raba juyi da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Wannan na'ura ta girmi motar fetur, domin tun a ƙarshen shekarun 1820 wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, ya yi rajistar fasaharta don keken tururi.

Manyan motocin farko sun raba ayyukan nan biyu a fili. Tayoyin baya suna zaune a kan sandar ƙarfe wadda ba ta juyawa, sarƙa kuma tana jan su kamar ta keke. Haka Mack AC ta 1916 take, motar da ta yi suna a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsari ne mai ƙarfi, sai dai sarƙa tana da ƙara, tana shan ƙura, tana kuma tsinkewa. Louis Renault ya riga ya nuna wata hanya tun 1898, lokacin da ya yi amfani da farfela a ƙaramar motarsa. Farfelar ta kai ƙarfi cikin rufaffen kwanso, inda sanduna biyu ke fita hagu da dama zuwa tayoyi. An rabu da sarƙa, amma an gaji wata matsala: yanzu sandar da ke juya taya ita ce kuma taya ke zaune a kanta.

Masu ƙera abin da ba a gani

Yawancin sunayen da suka warware wannan matsala ba a rubuce suke a goshin mota ba. Henry Timken, maƙerin keken doki a St. Louis, ya sami takardar mallakar fasahar boris mai tsini a 1898. Irin wannan boris yana jure nauyin da ke dannowa daga sama da kuma turin da ke zuwa daga gefe a kan kwana. A 1909 aka kafa kamfanin Timken-Detroit Axle don ƙera aksil kawai. Clarence Spicer ya fara ƙera gaɓar farfela a 1904. Lauya Charles Dana ya shigo kamfanin a 1914, suka sayi kamfanin Salisbury Axle a 1919, kuma a 1946 aka sauya wa kamfanin suna zuwa Dana.

Ford ma ta gane tun da wuri cewa motar kaya daga baya ake gina ta. Da ta fitar da Model TT mai ɗaukar tan guda a 1917, injin Model T ta bari yadda yake. Abin da ta sauya shi ne shasi da aksil, wanda ta sa masa giya mai siffar dunƙule. A Model T farfela tana juyawa sau 3.63 kafin taya ta juya sau ɗaya. A TT sai ta juya sau 7.25. Motar ta zama mai nawa ƙwarai, amma tana jan abin da 'yar'uwarta ba za ta iya motsawa ba. Wannan ciniki na nan har yau: aksil mai 4.10, wanda zobensa ke da haƙori 41 ƙaramar giyarsa 10, ya fi mai 3.73 jan kaya, ya kuma fi shi shan mai a kan doguwar hanya.

A 1926 Packard ta fara amfani da wani sabon yankan haƙora da kamfanin Gleason na Rochester ya ɓullo da shi, wanda ake kira haifoid. An saukar da ƙaramar giya ƙasa da tsakiyar zobe, abin da ya ba da damar ƙara mata kauri da sa haƙora da yawa su riƙe juna a lokaci guda. Farashin wannan ƙarfi shi ne zafi, domin haƙoran suna gogar juna yayin da suke juyawa. Shi ya sa har gobe aksil yake da nasa man na musamman, kuma zuba masa kowane irin mai hanya ce ta kashe shi a hankali.

Rabin shawagi da cikakken shawagi

Injiniyoyi sun raba aksil gida biyu bisa yadda sanda take a cikin kwanso. A tsarin da suke kira rabin shawagi, taya a ɗaure take a kan sandar kanta, boris guda yana tallafe da ita a bakin kwanso. Sandar tana murɗawa, tana kuma ɗauke da kaya. A duk juyin taya, gefen sandar da ke sama ya koma ƙasa, nauyi ya lanƙwasa ta ta wannan fuska, sannan ta waccan. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen zancen. Muddin nauyin bai wuce ƙa'ida ba, sandar za ta yi shekaru lafiya. Idan ya wuce, tsaga takan fara a kusa da boris ba tare da wata alama ba, ranar da ta karye kuma taya na iya ficewa da gangar birkinta, mota tana cikin gudu.

A tsarin cikakken shawagi, bakin kwanso yana da hanci mai tsawo. A kan hancin aka ɗora cibiyar ƙafa bisa boris biyu masu tsini, taya kuma a jikin cibiyar take. Nauyi yana bi ta taya zuwa kwanso kai tsaye. Sandar tana ratsa ciki kamar takobi a kube, an ɗaure kanta da notuna a jikin cibiya, ba ta da aiki sai murɗawa. Kan sandar nan shi ne dunƙulen da bakanikenmu ya duƙa yana nema. Idan ta karye mota za ta rasa ja, amma taya tana nan daram, ana kuma iya zare karyayyar a zura sabuwa ba tare da an ɗaga motar ba. A taƙaice, an dawo da rabon aikin da motocin sarƙa suke da shi, amma a cikin rufaffen kwanso.

Sojoji sun san darajar wannan. Ƙaramar jif ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000, tana da aksil na Spicer mai cikakken shawagi a baya, duk da ƙanƙantarta. Bayan yaƙi, ba da daɗewa ba jif ta farar hula ta koma rabin shawagi, saboda ya fi araha da sauƙin nauyi. Kasuwa ta tsaya a kan wannan rabo: rabin shawagi ga motar gida da ƙaramar a-kori-kura, cikakke ga motar da za ta rayu a ƙarƙashin kaya.

Zamanin inci

Daga nan gasar ta koma kan girman zobe. Dana tana laƙaba wa aksil lamba: Dana 44 yana da zobe mai faɗin inci 8.5, Dana 60 inci 9.75, Dana 70 inci 10.5, Dana 80 kuma inci 11.25. General Motors ta fitar da nata a 1973, mai inci 10.5, wanda kanikawan Amurka ke kira mai noti goma sha huɗu saboda yawan notunan murfinsa. Abin da ya ɗaukaka shi wani ƙaramin boris ne da aka ƙara a kan hancin ƙaramar giya, ta yadda aka tallafe ta gaba da baya. Giyoyi biyu da ke cizon juna da ƙarfi sukan so ture juna, kuma da zarar sun ɗan ja da baya, nauyi ya koma kan tsinin haƙori, sai karaya. Boris ɗin nan yana hana wannan. Ford ta amsa a 1985 da aksil mai inci 10.25 daga masana'antarta ta Sterling Heights a jihar Michigan, ta ƙara shi zuwa 10.5 da fitowar jerin Super Duty na 1999.

Kaurin sanda ma yana da nasa lissafin. Juriyar sanda ga murɗi tana ƙaruwa ne gwargwadon kaurinta idan aka ninka shi da kansa sau uku. Dana 60 yana zuwa da sanda mai kaurin inci 1.31 mai tsagogi 30 a bakinta, ko mai inci 1.5 mai tsagogi 35. Bambancin kaurin bai kai kashi 15 cikin ɗari ba, amma ta biyun ta fi ta farko juriya da kusan rabi. Masu ƙirga tsagogi kawai sukan yi kuskure a nan, domin sandar mai noti goma sha huɗu tsagoginta 30 ne, kaurinta kuwa inci 1.5 ne.

Da dizal ya shigo

Abin da ya tilasta wa aksil girma na ƙarshe shi ne injin dizal. A 1989 Dodge ta sa injin Cummins mai lita 5.9 a a-kori-kurarta. Ƙarfin dokinsa 160 ne kacal, amma ƙarfin murɗinsa ya kai fam-ƙafa 400, kuma murɗi shi ne abin da aksil ke ji a jikinsa, bayan giyoyin mota sun ninka shi sau da yawa. Dodge ta fara da Dana 70, ta hau zuwa Dana 80 a manyan motocinta daga 1994. A wannan shekarar ce Richard Dauch ya sayi masana'antun aksil na General Motors ya kafa kamfanin American Axle & Manufacturing, wanda aksil ɗinsa mai inci 11.5 ya shiga motocin GM masu injin Duramax a 2001, sannan motocin Dodge a 2003. Ford ta ɗauki Dana M275 da M300 a 2017, lambobin kuma faɗin zobe ne da milimita. A 2019 Ram ta kai fam-ƙafa 1,000, a 2023 Ford ta kai 1,200. Cikin shekara 34 murɗin ya ninka sau uku.

Duk da haka, girman zobe amsa ce ga murɗi kaɗai. Nauyin da mota za ta ɗauka yana hannun kwanso da boris da sifirin da taya, kuma mafi rauni a cikinsu shi ne ke yanke hukunci. Sau da yawa taya ce ke fara gazawa, shi ya sa ake sa wa manyan motocin taya bibbiyu a kowane gefe. Notunan ƙafa takwas ma ba hujja ba ne, domin GM da Ford duk sun taɓa sayar da aksil mai rabin shawagi a ƙananan motocin wannan aji. A Amurka doka ta wajabta manna takarda a jikin ƙofar direba mai nuna iyakar nauyin da kowane aksil zai ɗauka, kuma wannan lamba ita ce abin dogaro.

Abin da ya shafe mu

F-350 ba ta da yawa a hanyoyinmu, amma rabon nan yana nan a motocin da muka sani. Toyota Hilux tana da rabin shawagi. Land Cruiser 79, wadda ake ji da ita a hanyoyin hamada, tana da cikakke. Al'adar ƙara ganyen sifirin don mota ta daina durƙusawa tana gyara kamanni ne kawai: motar ta miƙe, amma sanda da boris suna nan yadda suke, an kuma kawar da alamar da ke gargaɗin cewa kaya sun yi yawa. Kayan da suka zarce bayan aksil sun fi muni, domin suna ɗage gaba su jibge ƙarin nauyi a baya.

Mai sayen motar aiki, ko don gona ko don kamfani, ya dace ya fara da tambayar irin aksil ɗinta da iyakar nauyinsa kafin ya tambayi ƙarfin inji. Wanda ya riga ya mallaka kuma ya kula da abu uku: danshin mai a bayan ƙafa, gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, da cibiyar da ta fi 'yar'uwarta zafi bayan tafiya. Ruwa ba ya tsami banza. Canjin boris aikin yini guda ne, ficewar taya a kan babbar hanya kuwa takan tafi da rayuka.