Amana, Jarin Alhazan Maraɗi Na Farko

Jama'a, in ana labarin Alhazan Maraɗi, motoci da gidaje muka fi tunawa, mu manta da abin da ya kafa su.

Tun zamanin mulkin Faransa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ba su shiga ƙauye-ƙauye da kansu sayen gujiya. In kaka ta yi, sai su ba ɗan kasuwa kuɗi tun gaba, shi kuma ya raba wa yaransa, su bazu kasuwannin karkara da awo. Tsakanin ubangida da yaronsa babu takarda, babu sa hannu, magana ce kawai. Wanda ya kawo buhunan da suka cika lissafi, baɗi a ƙara masa. Wanda ya ci kuɗin, labarinsa ya riga shi isa kowace rumfa.

An kafa SONARA a 1962, ta karɓi harkar gujiya. Farin 1973 kuma ya karya nomanta. Amma 'yan kasuwarmu ba su durƙushe ba, don suna da abokan amana a Katsina da Kano, masu ba su kaya bashi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Yau ta waya muke tura kuɗi Kano, mu jira kaya daga mutumin da ba mu taɓa gani ba. Duk wanda ya tauye mudu ko ya noƙe da kuɗin wani, bashin da za a ba ɗan Maraɗi na gobe yake toshewa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.