Shekarun da Tseren Faris-Dakar Yake Ratsa Ƙasar Hausa

Mu nan Arewa ba mu tashi da filin tseren mota ba, irin mai kwalta da kwana-kwana da rumfar 'yan kallo da ake gani a Ingila ko Faransa. Filin sukuwa muka sani, na dawaki, sai kuma zagayen motocin da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. Amma akwai wasu shekaru, daga 1979 zuwa 2000, da tseren hamada mafi suna a duniya yakan biyo ta garuruwan da ake ciniki da Hausa: Agadas, Tawa, Damagaram, Yamai. Filinsa rairayin Tenere ne, 'yan kallonsa kuma mu ne, masu tsayawa bakin hanya da rawani a fuska saboda ƙurar hunturu.

Fari ne ya kai ni can. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ambaliyar da ke cika fadamun Hadejia ta fara ja da baya, sai ga ƙarancin ruwan 1983 da 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Kifi ya yi wuya, masu motocin da ke ɗaukar banda da tattasai suka jingine su, gareji ya zama wurin hira. Maigidana a sana'ar kanikanci ya tattara sifanoninsa, ya ce in bi shi. Muka bi ta Malam Madori da Gumel, muka tsallaka ta Maigatari, muka yada zango a Damagaram, daga baya aiki ya ja mu har Agadas. A lokacin Turawa matasa suna tsallako Sahara da tsofaffin Peugeot 504 su sayar, mu kuwa 504 ba baƙuwa ba ce a hannunmu, tunda tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna.

Wanda ya kafa tseren Bafaranshe ne, Thierry Sabine. A 1977 ya ɓace da babur ɗinsa a cikin hamada yayin tseren Abijan zuwa Nis, aka ceto shi da ƙyar, shi kuma ya fito da niyyar sai ya kawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, 74 kacal suka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979, bayan sun ratsa Aljeriya da Nijar da Mali. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur Yamaha XT500. Tun a wannan karon farko aka rasa rai, wani mai babur, Patrick Dodin, ya faɗi a kusa da Agadas, raunin kuma ya zama ajalinsa.

Tsofaffin kanikawan Agadas sun fi yabon waɗannan shekarun farko, kuma na yarda da su. Motocin na talakawa ne. 'Yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shigo da ƙaramar Renault 4 a 1979, suka kuma ci na motoci a 1982 da Renault 20. Irin waɗannan mutane su ne direbobi, su ne kanikawan kansu. In sifirin ya karye ko lagireto ya fashe, cikin gari suke shigowa da dare su nemi mai walda da mai faci, su tsuguna a ƙasa tare da kai suna riƙe maka tocila. Ba ka jin Faransanci, ba ya jin Hausa, amma da ya nuna maka ƙarfen da ya tsage kun fahimci juna.

A 1983 aka fara tsallaka Tenere, guguwar rairayi ta taso, 'yan tsere kimanin 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana huɗu yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu. Jacky Ickx ɗan Beljiyam ne ya ci na motoci a shekarar da Mercedes 280 GE. Abin da jaridun Turai suka kira abin al'ajabi, ayarin gishiri ya daɗe yana yin sa a kan raƙuma, daga Azbin zuwa Fachi da Bilma, a kai gero a komo da dabino da kantun gishirin da ake sayarwa har a kasuwar Maigatari. Madugun ayari ba shi da kamfas, tauraro da yanayin tudun rairayi yake karantawa. Shi ya sa masu shirya tseren ba su iya zana hanya sai da Abzinawa da Tubawa. Mano Dayak, Ba'abzine mai kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, na hannun daman Sabine ne a wannan aiki, sunansa kuma filin jirgin saman garin yake ɗauke da shi a yau.

Ni a Damagaram na fara ganinsu, a Janairun 1986, da suka fito daga Dirku ta Agadem. Kafin ka ga mota sai ka ga ƙura ta miƙe sama a gabas, sannan jirgi mai saukar ungulu, sannan ƙarar. Babura ne ke fara isowa, mahayansu fuska duk ta yi fari da ƙasa, leɓe ya tsattsage. Akwai wani ɗan Beljiyam, Gaston Rahier, wanda ya ci na babura a 1984 da 1985 da BMW. Gajere ne ƙwarai, babur ɗin kuma dogo mai ƙaton tanki, don haka sai ya sa giya ya bi shi da gudu a gefe sannan ya yi tsalle ya haye. Yara suka yi ta kwaikwayonsa da kekuna. Daga baya Porsche 959 suka shigo, fari da shuɗi, ƙasa-ƙasa kamar motar birni amma an ɗaga ƙafafunta. René Metge ne ya ci da ita a shekarar, Ickx ya zo na biyu.

Maigidana bai kalli direba ba, tayoyin ya tsura wa ido. Ya taɓa ni ya ce, "Kai yaro, dubi yadda suka sassauta iska." Na ce, "Na gani, Maigida, irin yadda muke yi a hanyar Guri ne." Haka abin yake. Duk wanda ya taɓa tuƙi a rairayin da ke tsakanin Birniwa da Kirikasamma ya san sai ka rage iskar taya ta baje, ka riƙe giya ɗaya, kada ka taka burki a kan gangara, in ta nutse kuma kada ka ƙara wuta, ka sauka ka tone ka shimfiɗa wani abu a ƙarƙashi. Mu rassan itace da tabarma muke sawa, su faranti ne na ƙarfe mai huda-huda a ɗaure a gefen mota. Matatar iska kuwa kowane dare sai sun fitar sun busa, don rairayi in ya shiga inji ya gama da shi.

Kwana kaɗan bayan sun wuce mu labari ya zo ta rediyo: ranar 14 ga Janairu jirgin Sabine ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali, ya mutu tare da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo tseren don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka, da wasu mutum uku. A Tenere aka watsa tokar gawar Sabine, gindin wata bishiya tilo da yanzu ake kira da sunansa.

Daga nan kamfanoni suka karɓe fage. Peugeot ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, uku a hannun Ari Vatanen ɗan Finlan. Wadda ta kuɓuce masa ta 1988 ce, da aka sace motarsa a Bamako yana kan gaba, abokin aikinsa Juha Kankkunen ya ci tseren. A 1989 kuwa shugaban tawagar, Jean Todt, kwabo ya jefa sama a Gao don raba gardama tsakanin Vatanen da Ickx. A ranar hutu, wadda sau da yawa a Agadas ake yin ta, filin jirgi yakan koma gari guda: jirage sun sauke kanikawa da kayan gyara, janareto na ta ruri, a kwance mota ɗungurungum da magariba a ɗaure ta kafin asuba. Na tsaya bayan igiya na kalli mutum huɗu sun sauya akwatin giya a ɗan lokacin da mu za mu ɗauka muna neman sifanar da ta dace. Na koyi abu a wurin, musamman yadda suke jera kowane kusa a kan ƙyalle bi da bi. Amma waɗannan ba sa bukatar komai daga gare mu. Masu zaman kansu ne kawai, waɗanda ke isowa tsakar dare a jigace, suke ƙwanƙwasa ƙofar gareji. Wanda motarsa ta mutu murus yakan sayar da ita a nan ya hau jirgi, shi ya sa aka daɗe ana ganin shokazoba da kujerun tsere a jikin motocin haya na Agadas.

Kuɗi ya shigo garin, babu musu. Maƙeran azurfa da dukawa da masu masauki sukan samu a mako guda abin da zai riƙe su watanni, ko da yake farashin burodi da fetur yakan tashi wa kowa har da wanda bai sayar da komai ba. Sai dai akwai abin da ba na iya tunawa da shi raina bai ɓaci ba. A 1988 ababen hawa 603 suka tashi, 151 suka ƙarasa. A hamadar Nijar aka ɗauki hoton babbar motar DAF ta Jan de Rooy, mai inji biyu, tana wuce Peugeot ɗin Vatanen a gudun kusan kilomita 200 cikin awa, aka yi ta nuna shi a duniya. Ɗaya motar tawagar ta wuntsila, Kees van Loevezijn ya mutu, DAF ta janye. Kowa ya ji sunansa. A wannan shekarar kuma mota ta kashe yarinya 'yar shekara goma a Kita ta ƙasar Mali, wata ta kashe uwa da 'yarta a Muritaniya, har jaridar fadar Fafaroma ta yi tir da tseren. Ƙauyukanmu ba su da shinge, yaro kuma in ya ji ƙara fitowa yake da gudu. Na ga mota ta ratsa tsakiyar wani ƙauye a hanyar Tanut ba ta rage gudu ba, ta bar akuya a kwance, mai ita tana tsaye da tulu a ka. Ba wanda ya tsaya. Wanda ya zo daga nesa ya yi wasa a ƙofar gidan mutane, hakkinsa ne ya san akwai mutane a gidan.

Tawayen Abzinawa ya ɓarke a 1990 bayan wani rikici da ya faru a Cin-Tabaradan, hanyoyin arewa suka zama na fargaba. A 1992 ayarin tseren ya ratsa ta Dirku da Ngigmi zuwa Chadi a kan hanyarsa ta Kef Tawun, a shekarar ce kuma aka fara amfani da na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna hanya, abin da ya rage darajar ɗan jagora. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, Mano Dayak ya mutu a haɗarin jirgi a Disambar shekarar. A 1997 aka yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar, Kenjiro Shinozuka ɗan Japan ya ci da Mitsubishi, Jutta Kleinschmidt ta Jamus ta zama mace ta farko da ta ci zango. A 2000 sun iso Yamai, aka ce akwai barazanar hari a gaba, sai aka loda su cikin manyan jiragen Antonov aka tsallake da su zuwa Sabha a Libiya. Agadas ta yi shiri, ba wanda ya zo. An soke na 2008 bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020, da sunan Dakar ɗin dai.

Ni na dawo Hadejia na buɗe gareji, injinan ban-ruwa na masu noman rani suka zama rabin aikina. Direbobin Agadas da suka san Tenere kuwa, da tsere da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, sai suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya a bayan Hilux, ta Dirku, hanyar da Porsche ta bi. Wata doka da Nijar ta kafa a 2015 ta haramta wannan sana'a, aka kama wasu aka ƙwace motocinsu, har zuwa Nuwambar 2023 da gwamnatin soja ta Yamai ta soke ta.